Daji, filin ciyawa ko gona: Yadda ake rarrabe ƙasa da abin da hakan ke jawo wa manomi da makiyayi

Matafiyin da ya bar Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi zai ratsa filayen da ke da wuyar raɗa wa suna guda. Ga gawo da aduwa jefi-jefi, ga sabara da kalgo a tsakaninsu, ga ciyawar da ke tashi da damina ta bushe da kaka, ga kuma alamun kunyoyin gero na shekarun baya.

Manomi zai kira irin wannan wuri saura, wato gonar da aka bari ta huta. Makiyayi zai ce wurin kiwonsa ne tun kaka da kakanni. Malamin daji kuwa yana iya buɗe taswira ya nuna cewa gandun daji ne na hukuma, wanda ba a yarda a sa masa gatari ba.

Kowannensu yana da hujjarsa. Sai dai sunan da ya shiga takardar hukuma shi ke yanke wanda zai yi noma, da wanda zai yi kiwo, da wanda za a ci tara. Wannan ne ya sa rarrabe ƙasa zuwa daji da filin ciyawa da filin ƙananan itatuwa, wanda a ido kamar aikin masana ne kaɗai, ya zama batun abinci da zaman lafiya a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Sunayen da aka gada

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da nasu tsarin rarrabe ƙasa. Kurmi shi ne inda itatuwa suka cunkushe har suka yi duhu, galibi a bakin rafi. Daji ko dawa ita ce ƙasar da ke bayan gonaki, inda ake farauta da sarar itace da neman magani. Sarƙaƙiya kuma wurin da ƙayoyi da ƙananan itatuwa suka harɗe har ba a iya kutsawa.

Ta fuskar ƙasa da ruwa akwai fadama mai riƙe danshi har cikin rani, da jigawa mai rairayi inda gero ke yi, da fako mai tauri wanda ruwa ke gangarewa a kansa. Ta fuskar haƙƙi kuma akwai hurumi, filin da gari ya keɓe don amfanin kowa, da burtali ko labi, hanyar da dabbobi ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya.

Abin lura a wannan tsari shi ne yana tafiya da lokaci. Filin da yake gona daga shuka zuwa girbi yakan koma wurin kiwo da zarar an kwashe amfani: shanu su ci kara, su bar wa mai gona taki. Saura kuma tana iya shekara biyar tana kama da daji ba tare da ta fita daga hannun mai ita ba. Taswirar zamani ba ta saba da haka ba, domin launi ɗaya take bai wa kowane fili duk tsawon shekara.

Ma'aunin masana

A shekarar 1900, Bafaranshe masanin tsirrai Auguste Chevalier ya kasa Afirka ta Yamma zuwa manyan shiyyoyi uku da suka miƙe daga yamma zuwa gabas: Sahel da Sudan da Gini. Sunayen na shiyyoyin tsirrai ne, ba na ƙasashen da ake kira da su a yau ba. Daga bisani masanin gandun daji ɗan Ingila Ronald Keay ya ɗora a kan haka cikin littafinsa na tsirran Najeriya da ya fara fitowa a 1949, kuma har gobe rabon da ya yi ake koyarwa a makarantu.

Ruwan sama shi ne ginshiƙin wannan rabo. A shiyyar Gini ta arewa, inda Zariya take, ruwan shekara yakan haura milimita 1,000. Nan ne gidan doka da maje da kaɗanya da maɗobiya, da dogayen ciyayi irin su gamba. A shiyyar Sudan, wadda ta ƙunshi Kano da Katsina da Sakkwato, ruwan yana tsakanin milimita 600 zuwa 1,000 ko kusa da haka, kuma kuka da tsamiya da gawo da marke su suka fi yawa. Idan aka ƙara gaba zuwa arewacin Maraɗi da Damagaram da gefen Tafkin Chadi, an shiga Sahel, inda ruwa ke raguwa, itatuwa masu ƙaya irin su aduwa da bagaruwa da daƙwara ke mamayewa, ciyawa kuma ta koma gajera mai rayuwar damina ɗaya kamar ƙarangiya.

Duk waɗannan shiyyoyi suna ƙarƙashin abin da masana ke kira sabana, wato ƙasar da itace da ciyawa ke zaune tare, babu wanda ya kori ɗan'uwansa. Gobarar daji da kiwo da tsawon rani su ke riƙe da wannan daidaito. Itatuwan sabana da dama suna da kaurin ɓawo da ke kare su daga wuta, da saiwoyi masu zurfi da ke sake tohowa ko da an sare gangar.

Domin a daidaita sunaye tsakanin masu Turanci da masu Faransanci, masana sun yi taro a Yangambi, cikin ƙasar Kwango, a 1956. A can aka bambanta daji mai duhu da daji mai sarari, aka kuma kasa sabana gwargwadon abin da ya fi yawa a cikinta: manyan itatuwa, ko ƙanana, ko ciyawa zalla. Har tsayin ciyawa aka sa wa iyaka, inda santimita 80 ta zama shamaki tsakanin sabana da filayen gajerar ciyawa na Sahel.

Mene ne daji a hukumance?

Ma'anar da ta fi tasiri a duniya ita ce ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. A wurinta, daji shi ne filin da ya wuce rabin hekta, mai itatuwan da tsayinsu ya haura mita 5 ko za su iya kai haka, kuma rassansu sun rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na filin. Sharaɗi na ƙarshe shi ne kada wurin ya kasance gona ko gari.

Kashi 10 cikin 100 ba wani abu mai yawa ba ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka itatuwa 13 kacal, kowanne mai faɗin rassa mita 10, sun isa su cika sharaɗin. Ke nan filin da makiyayi zai hango garkensa daga nesa a cikinsa yana iya zama daji a lissafin duniya.

Ƙasa da wannan akwai rukuni na biyu, inda inuwar manyan itatuwa take tsakanin kashi 5 zuwa 10, ko kuma ƙananan itatuwa da manya suka haɗu suka rufe fiye da kashi 10. Nan filayen sabara da geza da taramniya suke faɗawa. Duk abin da ya rage, har da filin ciyawa da gona, ana tattara shi ne a rukunin da kawai ake kira "sauran ƙasa".

Ƙasashe suna da damar tsara nasu ma'aunin a ƙarƙashin yarjejeniyar sauyin yanayi. Najeriya ta zaɓi rabin hekta, da tsayin mita 3, da rufin kashi 15 cikin 100. Saboda irin wannan bambanci ne alƙaluman faɗin dajin ƙasa ɗaya ke saɓawa daga rahoto zuwa rahoto ba tare da an sare ko an dasa itace ko ɗaya ba.

Filayen da ake raina wa daraja

Filin ƙananan itatuwa shi ya fi shan raini, domin ba ya ba da katako kuma ba ya cika ido. Amma daga cikinsa mafi yawan ƙauyuka ke samun itacen girki. Kalgo yana ba da igiya da 'ya'yan da dabbobi ke ci, sabara kuma tana tare ƙasar da iska ke kwasowa, ga ganyenta na magani.

A tsaunukan da ke kewaye da Yamai akwai wani nau'in irin wannan fili da ya shahara a wurin masana. Daga sama ana ganinsa layi-layi kamar zanen jikin damisa: jerin geza da sabara, sai fako, sai wani jerin. Fakon da ke tsakani shi ke tara ruwan sama ya gangaro da shi zuwa gindin itatuwan. Wanda ya ɗauki fakon a matsayin lalatacciyar ƙasa ya cike shi da dashe, ya tare wa itatuwan da ke raye ruwan da suke sha.

Haka filin ciyawa yake. Arzikinsa yana cikin saiwa da iri da ke kwance a ƙasa, kuma duk wanda ya zo aunawa a watan Afrilu zai ga rairayi ne kawai, alhali a watan Satumba wurin na ciyar da dubban dabbobi.

Najeriya: gandun daji da wuraren kiwo

Turawan mulkin mallaka sun fara da daji. Dokar gandun daji ta 1916, zamanin Lugard, da wadda ta biyo baya a 1937, sun buɗe hanyar keɓe filaye da hana noma a cikinsu. Burin shi ne a keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, amma abin da aka cimma bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Daga irin waɗannan filaye ne aka sami dazuzzuka kamar Falgore a Kano da Kamuku a Birnin Gwari. Yankari kuwa an keɓe shi don namun daji a 1956.

Kiwo bai sami dokarsa ba sai a 1965, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo. Wasu daga cikin wuraren an yanko su ne daga gandun daji, kamar yadda aka yi a yankin Ruma da Runka na dajin Rugu. An lissafa wuraren kiwo sama da 400 a ƙasar, irin su Ladduga a Kachiya da Wase a Filato da Bobi a Neja, sai dai waɗanda aka tabbatar da iyakokinsu a jaridar gwamnati ba su kai rabi ba. Filin da ba shi da iyaka a takarda kuwa, da wuya ya tsira idan jama'a ta ƙaru.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon bayar da har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo. Tun da harkar gandun daji ma a hannun jihohi take, sauya wa fili suna ya zama abin da sa hannu ɗaya ke iya yi.

An ga sakamakon haka a Zamfara. Wani rahoto da ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a 2020 ya ambaci rabon sassan dajin Kuyambana da wurin kiwo na Gidan Jaja ga masu noma, bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, a cikin abubuwan da suka raba makiyaya da matsugunansu suka kuma rura wutar rikicin yankin. A Agustan 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a sake duba wuraren kiwo 368 a jihohi 25 don gano yawan abin da aka cinye daga cikinsu, matakin da ya gamu da adawar gwamnoni da dama.

Nijar: layin da aka ja a 1961

Nijar ta bi wata hanya dabam. A watan Mayun 1961 ta kafa dokar da ta ja layi daga yamma zuwa gabas, kusan inda ruwan shekara ke tsayawa a milimita 300 zuwa 350. Kudu da layin yankin noma ne, arewa da shi yankin kiwo, inda dokar ta hana buɗe sababbin gonakin damina, kuma ba a biyan diyyar ɓarnar da dabbobi suka yi. A jihar Maraɗi, layin ya bi ta wajen kwarin Tarka da ke yankin Dakoro.

Ƙaruwar jama'a da farin shekarun 1970 da 1980 sun sa gonaki sun tsallake layin, a kudu kuma aka riƙa cin burtali da mashaya. A watan Oktoban 1991, a Toda da ke jihar Maraɗi, rikici tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani.

A ranar 2 ga Maris, 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta samar da kwamitocin filaye tun daga ƙauye har zuwa sama, inda sarakuna da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. Dokar kiwo ta 2010 ta sake jaddada layin 1961, ta kuma amince da ƙaura da dabbobi a matsayin haƙƙi. A yau, a sassa da dama na Maraɗi, ana ganin ginshiƙan siminti a gefen burtali suna nuna iyakar da aka amince da ita. Hakan bai kawo ƙarshen saɓani ba, amma ya samar da abin da za a nuna idan an je gaban hukuma.

Itatuwan da lissafi ya tsallake

Dokar gandun daji ta Faransa ta 1935, da ta Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itatuwa masu daraja irin su gawo a ƙarƙashin kariyar hukuma, ko da a gonar mutum suke. Manomi da ya san za a iya cin sa tara idan ya sassabe reshe, sai ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki toho ne daga kututturan itatuwan da saiwoyinsu ke raye. Ya ƙarfafa wa manoma gwiwar zaɓar rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture su rene su, dabarar da ta yi suna da sassaben zamani. Yayin da hukuma ta sassauta riƙonta, manoma suka fara ganin itacen gona a matsayin nasu, abin da dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa ƙarfi.

Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu na Nijar suka yi da hotunan sama ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Amma da yake a gonaki suke, ba sa shiga lissafin daji na FAO. Haka lamarin yake ga ɗorawa da tsamiya da kuka na gonakin kewayen Kano, waɗanda masani Michael Mortimore ya nuna cewa manoma na kula da su duk da cunkoson jama'a.

Fasahar tauraron ɗan'adam ta fara cike wannan giɓi. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2020 ya ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8, ɗaya bayan ɗaya, a yanki mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, wuraren da taswirori da dama ke nunawa kamar babu itace a cikinsu.

Idan aka yi kuskuren suna

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen. A ƙarƙashin shirin AFR100 da aka ƙaddamar a 2015 don farfaɗo da hekta miliyan 100 a Afirka zuwa 2030, Najeriya ta yi alkawarin hekta miliyan 4, Nijar kuma miliyan 3.2. A 2024, Kate Parr da abokan aikinta sun yi gargaɗi a mujallar Science cewa yanki mai girman ƙasar Faransa, wanda asalinsa sabana ne ko filin ciyawa, na iya fuskantar dashen da bai dace da shi ba, saboda ma'aunin kashi 10 cikin 100 yana sa a ɗauke shi a matsayin dajin da ya lalace. Idan aka cike irin wannan fili da turare ko darbejiya, inuwa takan kashe ciyawa, makiyayi kuma ya rasa wurin zuwa.

Maɗobiya ta nuna wata fuskar matsalar. Itace ce ta daji mai sarari, wadda makiyaya ke sassabo wa dabbobi ganyenta da rani. Da kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta buɗe mata baki, sai aka yi ta sare ta a Taraba da Adamawa da Kogi ana fita da ita ta jiragen ruwa. An sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga Janairun 2017, sannan a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya.

Ita kanta ƙasar Sin ta daɗe tana fama da ruɗanin rarrabe ƙasa, domin dokar daji ta 1984 da ta filayen ciyawa ta 1985 suna hannun ma'aikatu dabam-dabam, har akan sami fili ɗaya a rajista biyu. A 2018 ta haɗe ayyukan biyu a hukuma guda, kuma ƙidayar filaye ta ƙasa karo na uku, wadda aka fitar da sakamakonta a 2021, ta bai wa kowane fili rukuni ɗaya.

A ƙasar Hausa, inda fili ɗaya ke ciyar da manomi da damina ya ciyar da makiyayi da rani, rukuni ɗaya ba ya wadatarwa sai an rubuta lokaci da haƙƙin kowa a gefensa. Tauraron ɗan'adam yana iya ƙirga gawo ya auna faɗin sabara, amma ba ya ganin wanda ya bar saura ta huta, ko garken da zai biyo burtali bayan girbi. Wannan bayani yana wurin dagaci da ardo da sarkin noma, kuma shi ne dalilin da ya sa dokar Nijar ta 1993 ta tanadi kujera ga sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya a kwamitocin da ke shata iyakokin filaye.